Tarin da Na Ji a Faifan Surukina

Masu turo min saƙo kuna tambayar wane ɗinki amarya za ta sa, ku ɗan ajiye zancen ɗinki. Abin da ke bakina yau ɗaci gare shi, kuma ba zan zuba masa sukari don wata ta ji daɗin karatu ba. Wanda bai san ni ba, sunana Chibesa. A Wusakile aka haife ni, cikin gidajen ma'aikatan ma'adinai na Kitwe, inda za ki shanya farin kaya da safe ki kwashe shi ruwan toka da yamma. Ni da Mayo, mahaifiyata, burodi da kek muke gasawa muna kaiwa kasuwa. Wanda kuwa nake kira mijina a zuciyata har zuwa Talatar da ta wuce, sunansa Kangwa.

Ubansa, Ba Kapambwe (mu "Ba" muke sa wa sunan manya don girmamawa), duk wani dattijo a garin nan ya san shi. Tun kafin a haifi yayyenmu suna da ƙungiyar kiɗa su biyar, masu jita da ganguna da wando mai faɗin ƙafa. Irin waƙoƙinsu ba na rawa ba ne. Waƙa ɗaya sai ta cinye fuskar faifai guda, ta yi sama ta yi ƙasa ta sauya tafiya, ki tuƙa nshima, tuwon masararmu, ki ci ki wanke hannu ba ta ƙare ba. Ba Kapambwe ne mai rerawa. Tata, mahaifina Katongo, shi ne mai kaɗa ogan, wannan mai kama da fiyano da ke gunji kamar na coci. Da farashin tagulla ya faɗi ƙungiyar ta watse, Ba Kapambwe ya auri 'yar mai gidajen mai ya koma Nkana ta Gabas, unguwar masu ciyawa a ƙofar gida. Tata ya sa hular kwano ya shiga rami. Tun daga nan ƙafar Ba Kapambwe ba ta taɓa taka layinmu ba, har ranar jana'izar Tata sai fure ya aiko da direba.

Ramin ya ba Tata tari. Tari ne da ko a cikin kasuwa zan gane shi: gajeru biyu, sai dogo ɗaya mai ɗan fito a ƙarshe. Duk da haka in ya dawo aiki sai ya yi wanka, ya buɗe taga, ya zauna gaban tsohon ogan ɗinsa, ya kunna na'urar ɗaukar sauti mai manyan tef kamar faranti. Kiɗa ɗaya yake ginawa, dogo, shekara da shekaru, yau ya ƙara nan gobe ya rushe can. Ni ina ƙarƙashin tebur ina cin gyaɗa. Ya rasu ina aji shida bai ce ya gama ba, Mayo ta zuba tef ɗin a akwatin ƙarfe ta tura ƙarƙashin gado.

Bara Kangwa ya zo. Dogo, baƙi, mai wushirya, ga ƙamshi, ga ladabi, har ƙasa ya durƙusa ya tafa hannu ya gaida Mayo. Aikinsa haɗa sauti. Ya ce Turawa sun fara neman kiɗan iyayenmu, zunubi ne a bar aikin Tata ya ruɓe. Shi ya koya min cewa tsohon tef in ya sha damshi danƙo yake yi, in aka kunna shi haka nan sautin zai goge har abada, sai an gasa shi tukuna a wuta mai sanyi-sanyi, wuni guda. To wa ya fi ni sanin oben? Da hannuna na jera su a faranti, na maƙala muciya a ƙofar oben don kada zafi ya yi yawa, na zauna ina gadi kamar mai jinya. In aka ɗauke wuta mu zauna a baranda muna hira har a dawo da ita. A wannan barandar na mutu a kansa, ba zan ɓoye muku ba.

Ya kwashe su ya tafi. Bayan sati biyu ya dawo ido jajur.

"Chibesa, yi haƙuri. Sun riga sun mutu. Babu komai a ciki sai shuuu."

Na yi kuka a kafaɗarsa har rigarsa ta jiƙe. Yana shafa bayana ya ce in bar shi ya riƙe ni har ƙarshen rayuwa. Wata bai ƙare ba wakilinsu ya zo da kwanuka biyu a rufe da farin ƙyalle, kwanukan neman aure. Dangi suka karɓa da guɗa. Ku riƙe zancen kwanukan nan, za mu dawo kansu.

To Talatar nan na je gidansu kai samfurin kek. Na ɗaura zanin chitenge mai ruwan goro a kan doguwar rigata, na ɗaure kai, don gidan surukai ba a shigarsa da wando. Na tarar da Ba Kapambwe a falo, farin gashinsa ya yi tozo, zobba a yatsu huɗu, yana rungume da wani kwali kamar jariri. Faifansa ne na farko shi kaɗai, bayan ya haura saba'in, aka aiko masa na gwaji daga Turai. Sunan faifan ma *Ni Kaɗai*. Ranar Lahadi za a ƙaddamar.

"Surukata, kin zo a sa'a. Ke ce ta farko a danginku da za ki ji. Amma ki san dokar falon nan: in allura ta sauka kan faifai, ko fasto ba ya magana sai ta tashi."

Na durƙusa a bakin kafet, idona a ƙasa, hannuwana a kan cinya, yadda aka koya mana. Jita ta fara, muryarsa ta shigo. Gaskiya ɗaya ce, tsohon nan har yanzu yana da murya, mai kauri mai ɗan tsatsa. Sai ganguna suka ja baya, ogan ya taso.

Jama'a, tsigar jikina ta tashi. Na san inda zai hau tun kafin ya hau, na san inda zai yi kamar ya ɓata hanya ya dawo. Na ce wa zuciyata, Chibesa, nutsu, tare suka yi ƙuruciya, wataƙila tun can suka ƙirƙira shi, ya tuna ya kaɗa da kansa. Ina cikin lallashin kaina aka zo wurin da komai ke yin tsit, ogan ya riƙe sauti ɗaya yana ja. An buga wani ƙarfen ganga a kai don ya rufe wani abu, amma bai rufu ba. Gajeru biyu, dogo ɗaya mai fito.

Mahaifina ne ya yi tari a falon Ba Kapambwe, ni kuma ina durƙushe ban da ikon ɗaga kai. Hawaye suka ɗiga a kan zanina, na haɗiye ihun da ya taso min. Haka na zauna har allura ta tashi.

"Kin gani? Har kuka ta yi," in ji shi, yana dariya da jin daɗi.

"Tata," na ce, don haka ake kiran suruki, ko da yake kalmar ta ƙona min harshe, "wa ya kaɗa ogan ɗin nan?"

Ya ɗaga yatsunsa masu zobba. "Waɗannan. Jita, ogan, rubutu, murya, duk ni. Abokaina sun tafi sun bar ni, sai na zama ƙungiya ni ɗaya."

"Ya yi daɗi ƙwarai. Ko za a ƙara sa min?"

Kai, ya ji daɗin wannan roƙon. Ya sake sauke allura, ni kuma na lallaɓa yatsa cikin zani na danna ɗaukar sauti a wayata. Na sake durƙusa tun daga farko har ƙarshe. Da na miƙe sai ga Kangwa a bakin ƙofa, makullin mota a hannu, fuskarsa ta yi fari kamar an watsa masa gari. Na wuce ta gefensa ko kallo bai ishe ni ba.

Ina cikin bas saƙonsa ya shigo.

*Zumata, kin tafi ba sallama.*

Na rubuta: *Tef ɗin da ka ce sun mutu, na ji su yau.*

Ya fara rubutu, ya goge, ya sake farawa. Har muka wuce gidan mai biyu.

*Bari mu haɗu in yi miki bayani.*

*Tambaya ɗaya ce. Sunan Katongo zai fito a jikin faifan?*

*An riga an buga kwalin, Chibesa. Tsoho ne, zuciyarsa ba lafiya, wannan ne na ƙarshensa. Ya ji kiɗan ya yi kuka ya ce in ba shi, ya zan yi da ubana? Kuma da ban ɗauko su ba da tuni sun ruɓe. Bayan biki ai duk gida ɗaya ne, nasa naki ne.*

Nasa nawa ne. Ku ji fa. An sace akuyarki an dafa, an ce ki kwantar da hankalinki za a sam miki romo. Abin da ya fi ci min rai ba ma satar ba ce. Rigar nan ce da na jiƙe da hawaye, yana shafa bayana, alhali sautin Tata na kwance lafiya lau a kwamfutarsa.

Na rubuta: *To.* Na kashe wayar.

Na iso gida na tarar tsakar gida ta cika da tukwane na aro. Asabar ce ranar ichilanga mulilo, ranar da matan dangin amarya ke dafa kowane irin abinci na gidansu su kai wa ango da kiɗa, su buɗe masa ɗaya bayan ɗaya. Shugabar tafiyar ita ce Ba Senge, yayar Tata, mace mai jiki da murya, wadda wayarta ba ta da mazauni sai cikin rigar mama. Ita ta fi kowa zaƙewa a auren nan. Kullum sai ta ce, "Ke dai Allah ya tsamo ki daga toka zai kai ki inda ake ban ruwan fure, saura ki yi mana hauka."

Na ja su ɗaki ita da Mayo na faɗa musu. Mayo ta zauna bakin gado tana murza gefen zaninta.

"Chibesa, ubanki ya tafi. Sunansa a kwali ba zai dawo min da shi ba. Ke ce mai rai. An sayi kaji, an gayyaci mutanen coci, wa zan kalla in ce an fasa?"

"Mayo, ƙarya ya yi min ina kuka."

"Maza duka haka suke, ana zama da su a haka."

Ba Senge ta ja tsaki. "Yarinyar nan tsoron aure ne ya kama ta. Kiɗa ai kiɗa ne, duk ogan ba kukansa ɗaya ba? Kin san irin wahalar da na sha kafin in samo saiwar chikanda mai kyau ta girkin ango?"

Na ɗauko wayata. Na kunna kiɗan da na ɗauka, na ja zuwa wurin tarin, na ɗora mata a tafin hannu. Ba Senge ce ta yi jinyar Tata a asibiti, ita ke riƙe masa kwano in tarin ya taso. Tana jin gajeru biyun nan bakinta ya tsaya a buɗe. Da dogon ya zo sai ta dafe bango.

"Sake."

Na sake. Ta ajiye wayar a hankali kamar ƙwai. Ta ɗago ta dube ni.

"Ya ce shi ya kaɗa?"

"Da yatsunsa."

"Kuma duniya ba wanda ya ji faifan tukuna?"

"Sai Lahadi."

Ta tashi ta leƙa ta taga. Maƙwabciyarmu Bana Musonda na tsugune tana wanke-wanke. Ba Senge ta rufe baki ta fara gunjin farkon kiɗan, a hankali. Matar nan ko ɗagowa ba ta yi ba, ta karɓe daga inda aka tsaya tana cuɗa tukunya, har da wurin da yake kamar ya ɓata hanya. Daga can bayan katanga wata ta ɗauka. Abin da mutanen Nkana ta Gabas ba su sani ba ke nan, don ba su taɓa zuwa ba. Shekara da shekaru taga a buɗe, duk layinmu da wannan kiɗan aka yi tuƙi, aka yi wa yara wanka, aka yi faɗa aka shirya. Da shi muka raka gawar Tata.

Ba Senge ta juyo, idonta ya kaɗa. "Za a kai abinci. Ba abin da za a fasa. Zan dafa wa ɗan nan abincin da har ya mutu ba zai manta ɗanɗanonsa ba."

"Yaya, kar ki ja mana abin kunya," in ji Mayo.

"Kunya tana can Nkana ta Gabas tana jiran mu kai mata tukunya."

Ranar Asabar tun da sassafe hayaƙi ya turnuƙe gidan. Kaji na gida, busasshen kifi, ƙananan kifin kapenta, miyar ganye ta ifisashi mai gyaɗa har tana kumfa, wake, rogo, dankali, naman akuya. Aka lulluɓe ni da zani aka fito da ni, na riƙe muciya na tuƙa nshimar ango ana kiɗa ana guɗa. Na tuƙa ta da kyau, ba gudaji ko ɗaya, don kar a ce ban iya ba ne na gudu. Kangwa ya turo saƙo: *Na gode da kika fahimce ni.* Na tura masa hoton zuciya ja. Allah ya yafe min wannan, amma har raina na ji daɗin turawa.

Kowace tukunya aka naɗe ta da zani aka ƙulle. Ta ƙarshe ni na ƙulle ta da hannuna. Babu abinci a ciki. Kwanukan nan biyu ne da wakilinsu ya kawo, da farin ƙyallensu, yadda suka zo.

Amarya ba ta zuwa, uwarta ma haka. Matan suka jeru cikin anko shuɗi mai zanen ganye, tukwane a ka, suka cika motoci biyu. Ba Senge ta kira lambata, ta cusa wayar inda ta saba ajiye ta. "Kar ki kashe. Ki sha kallo da kunne."

Muka zauna a falo ni da Mayo, wayar a kan tebur, ita ta juya min baya tana fushi. Muka ji isarsu, muka ji ganguna a bakin get. Na san Ba Kapambwe ya gayyato Turawa biyu na kamfanin faifan da 'yan gidan rediyo, wai su ga al'ada kafin ƙaddamarwar gobe. Na kuma san dokar ranar: ango zai zauna a kujera a tsakiyar falo, ba ya magana, ba ya tashi, sai an buɗe tukunyar ƙarshe. Falon da na durƙusa, kafet ɗin da ya sha hawayena.

Ana buɗewa ana waƙa, ana bayani, ana dariya. Sai na ji muryar Ba Senge kamar a cikin kunnena.

"Saura ɗaya. Wannan waƙarta daban ce. Masu ganga, ku huta."

Aka yi tsit. Sai gunji ya taso, matan layinmu gaba ɗaya, baki a rufe. Suka hau inda ake hawa, suka ɓata hanya suka dawo, ba wadda ta yi tuntuɓe. Na ji wani Bature yana tambaya da sauri, yaya aka yi suka san shi, wa ya fitar da faifan? Matan suka ci gaba. Suka zo wurin da ake riƙe sauti ɗaya, suka ja shi, suka ja shi. Sannan dukansu a tare suka yi tari: gajeru biyu, dogo ɗaya.

A nan na lura akwai wani gunjin a kusa da ni. Mayo ce. Har yanzu bayanta take ba ni, kafaɗunta na rawa, amma tana bin su.

Muryar Ba Kapambwe ta fito, duk tsatsar ta zube ta bar ta siririya. "Wa ya koya muku wannan?"

"Mai shi," in ji Ba Senge. "Katongo ƙanena. Kullum da yamma yake koya mana ta taga. Da ka taɓa zuwa gaishe shi ko sau ɗaya, da ka san ba a sace shi a ɓoye. Ango, ga tukunyarka ta ƙarshe, buɗe da kanka."

Na ji ƙarar murfi. Na ji wata mata ta ce wayyo. Daga nan hayaniya ta kaure, wayar ta katse.

Kuna jira in ce na ji tausayi? Ban ji ba. Sanyi na ji tun daga ƙirji har tafin ƙafa, irin wanda rabona da shi tun ranar Talata. Na tashi na zuba ragowar ifisashi na ci, na ƙara. Kukan da na yi daga baya na wushiryar nan ne da barandar nan, kuma wannan ba ruwan kowa.

Ban gama wanke hannu ba wayar ta yi ƙara. Kangwa.

*Kin gama da ubana. Turawan sun ce a dakatar da komai sai an sa sunan Katongo. Kin ci.*

Wani ya biyo.

*Akwai tef ɗaya da ban ba kowa ba. Babanki ne yake koya miki waƙa, kina ƙarama, kina dariya, yana kiran sunanki. Ban kwafe shi ba, shi ke nan guda ɗaya. Ina ƙofar gidanku. In kina so, ki fito ki saurare ni.*

Na ɗaga labule. Motarsa ce, yana zaune a ciki da kwat ɗin angonci. Ya ɗora kwalin tef ɗin a gaban gilashi, ranar Oktoba, watan da ya fi zafi a wurinmu, na dukansa tsaye. Shi ya koya min da bakinsa abin da zafi mai yawa ke yi wa tef, kuma ya san na sani.

Mayo ta zo ta tsaya a bayana ta leƙa. Ta share fuskarta da gefen zani, ta shiga kicin, ta fito da babbar muciyar da na tuƙa nshimar ango da ita, ko wanke ta ba a yi ba.

"Sa takalminki," ta ce. "Ke ki karɓo muryar ubanki. Saurarensa kuma ki bar min."